Man da Gwaggo Ta Binne a Gindin Randa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, ta amsa kiran Mahaliccinta a ƙarshen daminar bana, ana tsakiyar ambaliyar da ta shafe fadamarmu. Tun ranar ba mu daina karɓar gaisuwa ba. Na lura duk wadda ta shigo, in ta gama "ya haƙuri", sai ta sassauta murya ta ce, "Ai ta huta." Ba na jin haushin wannan magana ko kaɗan. Duk wanda ya ga yadda ciwon ɓarin jiki ya kwantar da matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ba, ya san hutu ta samu. Ni da na yi jinyarta na yi kuka ranar da ta cika, amma wallahi har da sanyin rai a cikin kukan.

Wata tsohuwa ta zo takanas daga Auyo, ta ce Gwaggo ce ta haɗa mata man aure, ita da 'ya'yanta mata duka. Ta zauna a tsakar gida tana shinshina iska ba kunya ba tsoro. Wata maƙwabciya kuwa cewa ta yi, "Allah Ya ji ƙanta, amma fa akwai faɗa." Mata suka yi mata caa. Na ce su ƙyale ta, gaskiya ta faɗa. Zancen da ya fi ci min rai shi ne na Baba. Wai me ya sa tsohon nan ya tsare jana'izar 'yar'uwarsa tun hantsi har azahar ta gota? Wasu har cewa suke tsohuwar gaba ce ya bi ta da ita har bakin kabari. Wannan ƙaryar ce ta sa na nemi izinin wanda maganar ta fi shafa, na ce bari in faɗi yadda aka yi, don kada a manta da ita, kada kuma a ɓata shi a banza.

Gwaggo mai haɗa man ƙamshi ce. A wurin kakarmu ta gada, wadda ta taso daga ƙasar Borno, can wajen Tafkin Chadi, aure ya kawo ta ƙauyenmu da ke cikin fadama ta hanyar Auyo. In ruwa ya janye, sai Gwaggo ta saɓa 'yar fartanyarta ta shiga tonon saiwar jema da kajiji, ciyayin fadama masu ƙamshi. Ta wanke, ta shanya a inuwa. Ta daka sama-sama, ta jiƙa cikin man riɗi, ta tace, ta sake zuba sabuwar saiwa, haka-haka har sai man ya ƙoshi. Mata da yawa a yankinmu sun iya wannan. Inda ta yi musu nisa shi ne wurin ajiya.

A tandu take zubawa, irin na fatar nan, ta cika shi har wuya don kada iska ta sami wurin zama. Ta toshe, ta liƙe bakin da kakin zuma. Ta sa shi cikin tukunya, ta zuba yashi a gefe, ta kife da kasko, sannan ta binne a gindin randar ruwa, inda ƙasa ba ta rabuwa da sanyi. In ka ce mata wannan wahala ta yi yawa, sai ta ce, "Haɗawa ai kowace sakarya ta iya. Wurin ajiya ake kashe shi."

Ina budurwa ta taɓa tsiyaya kaɗan a murfin kwano, ta ɗora a kan katanga, ta ce kullum in je in shinshina. Da farko ƙamshin har ya fi na cikin tandu tashi. Na ce, "Gwaggo, ashe rana ƙara masa kyau take yi."

Ta watsa min harara. "Gudu yake, shashasha. Mai sauƙin cikinsa ne ke fita."

Kafin kasuwa ta zagayo, mai sauƙin ya tafi ya bar mai nauyi. Launin ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo, daga baya kuma ya koma hamami irin na tsohon ƙuli-ƙuli. Ta ɗiga min a bayan hannu, wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ta ce, "Sunansa dai man jema, amma yanzu ba shi ba ne. Wani abu daban ya zama." Ta san halin kowane tsiro kamar yadda ta san halin dangi. Na ɗoɗɗoya, in ji ta, ko a rami ka sa shi ba ya wuce shekara, gara a shafe shi da wuri. Na jema kuwa, in ya sami duhu da sanyi, tsufa ƙara masa hankali yake.

Faɗanta duk a kan wannan yake. Ta taɓa shiga ɗakin wata amarya ta tarar an jera tandun da ta ba ta a saman jere, saitin taga, don 'yan kallo su gani. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta miƙa hannu ta sauke shi, ta tura ƙarƙashin gado, ta fice tana mita. Amma ita ɗin ce dai, in aka yi rasuwar mace a ƙauyukan da ke kewaye, ko wace ce, ko gidan ba su da tabarmar zama, za ka gan ta tafe da ɗan tandunta a ƙulle a bakin zane. Ta yi wanka, ta shafa wa mamaciya, ta shafa wa likkafani, ta tafi ba ta tsaya cin tuwon sadaka ba.

Rigimarta da Baba a kan jema ta samo asali. Akwai wani fili a bakin ƙorama inda kakarmu, wadda suke kira Inna, ta dasa jema da hannunta. Wata shekara kifi ya yi ƙaranci, Baba ya cinna wa wurin wuta, ya nome ya zuba shinkafa. Bai yi shawara da kowa ba. Daga ranar Gwaggo ta daina yi masa magana kai tsaye. Gidajenmu katanga ɗaya ta raba, amma sai ta ni saƙo ke bi. Yana zaune gabanta za ta ce, "Ki gaya wa ubanki jinkar ɗakin Inna tana yoyo." Shi kuma ya ce, "Ki ce wa Yaya na ji." Na yi aure na koma cikin Haɗeja, suka koma aiken kaji da iska. Kai, waɗannan mutane biyu sun gajiyar da ni! Amma ko sau ɗaya bai kamo babban kifi ba tare da an miƙa mata kan kifin ta saman katanga ba, ita kuma ba ta taɓa mayarwa ba.

Abin da ya sa mata tsoro a rai rasuwar wata aminiyarta ce a cikin gari. Labari bai iso ta da wuri ba, ta tarar an riga an shafa wa likkafani wani mai da ya daɗe a kwalba a bakin taga. Ta ce tana kallo mata na jan mayafi suna toshe hanci a ɓoye. Ta dawo gida ta kasa cin abinci. A ranin nan ta haɗa man jema na musamman, tandu biyu, ta ce na tafiyarta ne. Ɗaya ta binne a ɗakinta. Ɗayan ta faki idon mutane ta shiga gidan Baba, ta binne a gindin randar tsohon ɗakin kakarmu. Ni kaɗai ta gaya wa. Ta ce, "Na gama rayuwata ina sallamar 'ya'yan mutane da ƙamshi. Kada ku kai ni gaban Ubangijina ana toshe hanci."

Yanzu sai in zo kan ɗanta, taubashina. Shi ne ɗan farinta, kuma shi kaɗai ne namiji da ya rayu. Kun san kunyar ɗan fari a wurin mutanen da. To, ta Gwaggo ta wuce misali. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo gaisuwa bango take amsa wa. "Wancan" take ce masa. Ya yi karatun boko, ya sami aikin malanta a ofishin En'e, wato hukumar Sarki, a nan cikin Haɗeja, ya gina ɗaki mai rufin kwano da tagar gilashi, duk unguwa ana zuwa kallo. Nakan tsokane shi in ce ya gina tanderu ya sa masa ƙofa. Amma na san ciwon da ke ransa. Mutum ne da ya girma yana jiran kalma ɗaya ta yabo daga bakin uwarsa, bai samu ba.

Da ciwo ya kayar da ita, shi ya je ƙauye ya ɗauko ta, ya kwantar da ita a wannan ɗaki nasa, don shi ne mafi daraja a gidan. Wajen kwashe kayanta aka tono tandun ɗakinta. Ya gan shi baƙi ƙirin, duk ƙasa, ya ga bai dace da uwar malami ba. Bai gaya wa kowa ba ya tafi kantin Turawa a Malam Madori, ya sayo kwalba garai-garai mai murfin gilashi. Ya juye man a ciki, ko rabi bai kai ba, ya kawo ya ɗora a bakin taga inda rana ke dukanta tana walƙiya. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Na ga ya fi kyau a nan, ta riƙa ganin abinta."

Na ce a raina yau rufin kwanon nan zai tashi. Gwaggo ta daɗe tana kallon kwalbar. Bakinta ya ɗan karkace a lokacin, amma ana jin maganarta. Ta juya wajen bango ta ce, "Ki ce masa ya yi kyau."

Da kun ga fuskar mutumin nan! Babban mutum da gemunsa, ya fita yana tuntuɓe da takalmansa. Daga ranar kullum sai ya goge kwalbar da hannun rigarsa kafin ya tafi ofis.

Muna kwance muna tashi a ɗakin muna kallon man yana mutuwa. Zafin kwano daga sama, rana ta gilashi, iska cike da rabin kwalba. Ya tashi daga ruwan zuma ya koma kamar ruwan jiƙon kanwa. Wata rana da hantsi, ba kowa sai ni, ta sa na buɗe na kai mata hanci. Ta runtse ido. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Wannan ya tafi. Kada ya taɓa jikina. Kada kuma ki bari wancan ya ji kunya a gaban mutane. In kika saki ɗaya daga cikin biyun nan, ban yafe ba."

Na ce to a ɗauko na ɗakin kaka mana tun yanzu. Ta ce a'a, in ya shigo gidan kwano shi ma kashe shi za a yi, kuma wancan zai tambayi dalili. "Nisan ƙauyen nan nawa yake? Ranar da na mutu a aika, kafin a gama gina kabari an dawo." Lissafin rani ta yi, Allah Ya ji ƙanta. Ba ta san a cikin ruwa za ta tafi ba.

Bana kogi ya yi cikar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Hanya ta nutse, gonaki suka nutse, mutanen ƙauyenmu suka watse zuwa tudu. Baba ya ɗaure kwalekwalensa a bakin gari ya sauka a gidan mijina. Ana cikin haka Gwaggo ta cika, bayan an fito sallar asuba. Kafin rana ta ɗaga gida ya cika, an aika masu ginan kabari, an ɗora ruwan wanka. Sai ga matar taubashina tafe da kwalbar nan a hannu biyu, ta ce maigida ya ce ga man da Gwaggo ta fi so.

Na karɓa na soke a zanena. In na shafa, na ci amanar mamaciya. In na ce ya lalace, kafin a jima labari ya fita zaure, a gaban liman da abokan aikinsa, cewa ɗan da ta haifa ne ya ɓata mata man tafiya, kuma yabon nan guda da ya samu a duniya ba na gaske ba ne. Na aika a kira min Baba bakin soro, na raɗa masa komai. Na fara kwatanta masa inda ɗayan yake, ya katse ni.

"Na ɗakin Inna? Ai ina bayan rumbu ranar da take tonawa. Na yi kamar ban gani ba."

"Baba, ruwa fa. An ce ɗakuna sun fara zubewa."

"Ke dai ki tsare ƙofa."

Ina laɓe ina ji ya fita zaure ya ce ba za a binne Yaya ba sai ya je ya dawo. Liman ya ce, "Haba Malam, gawa ai gaggauta ta ake yi. Ina za ka?" Baba ya ce, "Inda za ni." Taubashina ya durƙusa ya ce, "Kawu, don girman Allah, in wani laifi ne a yafe mata." Baba ya ce, "Ni ne babba a gidan nan yanzu. Na faɗa." Zaure ya ɗauki guna-guni. Ya san abin da za su ce a kansa, ya ɗauki gorar tuƙinsa ya wuce. Liman ya ce zai jira zuwa azahar, daga nan ko da shi ko ba shi.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa, na ce wanka sai an jima. Mata na ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce jinin ubana ne ke motsa ni. Na ce mata e, shi ne, ta je ta kai ƙara. A ciki kuwa tsoro ne fal. Ko ɗakin ya rufta? Ko ruwa ya shiga tandun? Ko tsohon nan da gwiwarsa ke ciwo ya kife a tsakiyar fadama, mu tashi da gawa biyu? Allah Ya taimake ni masu ginan kabari suka yi ta cin karo da ruwa, sai da suka koma can kan jigawa, wannan ya ci lokaci. Duk da haka aka kira azahar Baba bai dawo ba. Aka idar, bai dawo ba. Na ji liman na cewa a gaya wa mata su gama. Na fito da kwalbar daga zanena, na riƙe ta ina kallo, na ce a raina gara in sake ta ta fashe a ce min mahaukaciya.

Sai na ji zaure ya yi tsit.

Ya shigo da tukunyar a ka, laka tun daga ƙafa har ƙirji, ba hula. Daga baya ya ba mu labari bango ɗaya ya faɗi, ruwa ya kai masa ƙugu a cikin ɗakin, da ƙafa ya lalubo randar, da hannu ya tone. Ya sauke a bakin ƙofa, ya kalli inda take kwance a lulluɓe, ya ce, "Yaya, ga shi." Bai ce in gaya mata ba.

Yashin ciki ya jiƙe sharkaf, amma kakin zuman yana nan yadda ta liƙa shi. Na sa farce na ɓamɓare, na zare toshiyar. Wayyo Allah! Wani ƙamshi ne mai sanyi, mai nauyi, irin na ƙasa in ruwan fari ya sauka, da ɗan zaƙi a ƙarshensa. Launinsa garau kamar ranar da ta tace. Na zauna daɓas a ƙasa na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, ban san sau nawa ba. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka gaba ɗaya. Muka yi mata wanka, muka shafa mata, muka shafa wa likkafani. Da aka fito da makara ta ratsa tsakar gida, ba wadda ta ja mayafi. Tsofaffin ma matsowa suka yi. Ya Allah, yadda ta sallami bayinka mata cikin ƙamshi ba ta nemi komai ba, Ka karɓe ta da wanda ya fi shi, Ka sanyaya mata makwanci, Ka yafe mata faɗanta, mu ma Ka kyautata namu ƙarshen.

Da aka dawo daga maƙabarta, wajen la'asar, taubashina ya kira ni soro. Shi ya kama makarar ta wajen kai, ƙamshin na nan a kafaɗar rigarsa. Ya ce in ba shi kwalbarsa. Na so in yi masa wasan da muka saba, bakina ya ƙi. Ya zare murfin, ya kai hanci, ya yi saurin kawar da kai. Ya sunkuya ya shinshina kafaɗarsa. Sannan ya ɗago ya tambaye ni.

"Ta sani?"

"Hancin Gwaggo ne fa."

"Tun yaushe?"

"Tun kana durƙushe a bakin ƙofa ta san abin da zai faru."

"Kawu kuma ya bari ana zaginsa tun safe."

Na ce, "Ita ta hana a faɗa. Ta ce kada ka ji kunya."

Na zaci zai rushe da kuka. Sai na ga ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Allah na gode maka da ba a shafa mata ba." Ya ajiye kwalbar a ƙasa ya fita.

Na leƙa ta jikin ƙyaure. Baba na zaune a gefen zaure shi kaɗai, mutane sun ɗan ja baya da shi, ya tanƙwashe ƙafa yana fama da ƙayoyin da suka shige masa tafin sawu. Taubashina, da farar rigarsa, a gaban liman da malaman ofis, ya zauna a ƙasa. Ya jawo ƙafar nan mai laka ya ɗora a cinyarsa, ya fara cire ƙayar ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ce, "Kai, tashi mana, mutane na kallo."

Ya ce, "Su kalla, Kawu. Miƙo ɗayar."